Jan mai na ɗiga bayan canza lagireto

Malam, ka ce tun da aka canza maka lagireto jan mai ke ɗiga, giya kuma tana jinkiri. Yawancin motocin otomatik suna da tiyo 2: ɗaya na kai man giya, wanda galibi ja ne, cikin lagireto ya huce, ɗaya na dawo da shi. Duba bakinsu: ko ba a ɗaure sosai ba, ko an mayar da tsohuwar roba. Haka ta same ni a hanyar Ɗan Isa, ga zafin Afrilu na Maradi.

Kada ka zuba man inji a cikin giya, sai man giyan da kamfanin motar ya ce. A yawancin motoci ana auna shi injin na aiki, a wuri shimfiɗaɗɗe.

In man ya koma kamar madara, ruwa ya shige shi. Don Allah aje motar, kira makanikin giya.