Amsa ga ƙanwar da ke son barin kwaya (ƙungiyar mawaƙan coci) saboda rikicin waƙar Hausa da ta Turanci

Ƙanwata, sannu. Tun da na karanta tambayarki zuciyata ba ta kwanta ba. Kin ce a kwayarku masu waƙar Turanci mai murya huɗu sun raina masu waƙar Hausa da tulu, 'yan'uwanmu na Kudu kuma suna ƙorafin ba a rera ta harshensu, har kina tunanin ki ajiye rigar kwaya ki koma benci. Kar ki ajiye. Wannan hanyar na bi ta da ƙafata a nan Sakkwato.

Mu namu kwayamastan, wato shugaban kwaya, mutum ne da ya iya karatun do-re-mi ƙwarai, wannan ba zan hana masa ba. Amma a ganinsa duk waƙar da ba ta kan takarda ba waƙa ba ce. Ana shirin ranar mawaƙa, aka yarda zan ja wata waƙar godiya da mahaifiyata da matan zumunta suka tsara tun muna yara, ana buga tulu ana amsawa. Mun sha wahala a kanta, har samarin bas, masu kaurin murya, sun kama. Ranar Asabar da yamma, gwaji na ƙarshe, na buɗe baki ke nan ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. A gaban yara ƙanana da ni na koya wa riƙe murya, ya ce wannan waƙar daka ce, a kai ta bakin turmi, nan haikali ne. Ya sa wani yaro ya ɗauki tulun ya kai bayan majami'a ya ajiye kusa da randar ruwa. Tulun mahaifiyata ne, ƙanwata, a kan cinyata na riƙo shi a bayan kabukabu don kar ya fashe. Aka mayar da ni layin baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya ce uffan, har waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya. Washegari mahaifiyata ta sa zanen zumuntarta ta zauna a gaba tana jiran waƙarta har aka tashi sujada. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban iya faɗa mata ba. Na yafe masa, Allah ya sani, amma har yau in na tuna maƙogwarona sai ya ɗaure.

Abin da nake so ki riƙe: kar ki yarda wani ya sa ki ji kunyar waƙar ja da amshi. Takardar do-re-mi ɗin nan a Ingila aka yaɗa ta wajen shekarun 1840 don talakawan da ba su iya karatun kiɗa ba su samu su yi waƙa, mishan suka kawo mana ita. Kayan aiki ce mai kyau, ba ma'aunin tsarki ba ce. Ita gosfel ta Amurka da suke ta kwaikwayo a YouTube, tushenta waƙoƙin bayi baƙar fata ne a gonakin auduga, ɗaya ya ja sauran su amsa. Ɗaliban jami'ar Fisk ne suka fita da su duniya a 1871, har suka rera a gaban Sarauniya Biktoriya a 1873. A Kongo kuma a 1958 aka rera Mas ɗin Katolika da Latin amma da ganguna da salon mutanen Luba, duniya ta saya tana sauraro. Zulu na Afirka ta Kudu suna da wani salon waƙa ba kiɗa ko ɗaya, yawancin mazan bas suke yi, murya ɗaya na ja a sama. Mu da muke ƙasar da aka yi Ɗanƙwairo, wa zai koya mana amshi? Ki saurari yadda 'yan amshinsa ke karɓe masa magana kafin ya rufe baki, su ƙarasa, ya sake ɗauka. Wannan ma kwaya ce, kuma babu takarda a hannun kowa.

Ni ban ƙi waƙar Turawa ba. In aka haɗa murya huɗu daidai a Ista tsigar jikina tashi take. Sai dai ki lura, harsunanmu suna da hawa da sauka a cikin magana, Hausa kuma ga dogon wasali da gajere. In aka ɗora kalmomin kan karin Turawa da ƙarfin tsiya, tsofaffi ba sa gane abin da ake faɗa. Shi ya sa Harcourt Whyte, wanda ya yi rayuwarsa a sansanin kutare na Uzuakoli a ƙasar Ibo, yake tsara waƙoƙinsa na Ibo su bi sautin maganar, kuma har yau ana rera su.

Kan 'yan Kudu, gaskiya suna da hujja. Ikilisiyoyinmu na Sakkwato tarin jama'a ne: mutanen Zuru, na kudancin Kaduna, Filato, Tibi, Ibo, Yarbawa, ga sojojin bariki da ɗaliban jami'a da masu bautar ƙasa da ke zuwa suna tafiya. In za ku yi waƙar Yarbanci, Bayarabiya ta tsaya a gaba ta koyar daga bakinta, ta faɗi ma'anar kowane layi kafin a fara. Ta Dakarci, harshen mutanen Zuru, ma haka. Kar ku rubuta a allo ku karanta da bakin Hausa, masu harshen za su sunkuyar da kai don kunya. Ku yi ta bi da bi, a rubuta jeren a manna, kowa ya san makonsa na zuwa. Kuma ki daina jayayya da kwayamasta a gaban mutane. Ki sami Maman zumunta ku je wurin Baba Fasto tare, ita ta yi maganar, ke ki yi shiru. Da na sami mai raka ni a lokacin, da ban yi dogon zaman gida ina kuka ba.

Tunda Kirsimeti na matsowa, ki kula da maƙogwaronki. Hunturun garin nan ba ya tausayin mai murya ta ɗaya. Ruwan ɗumi da zuma da 'yar citta da safe, ki rufe hanci in za ki hau babur, ki rabu da ƙanƙara ranar gwaji. Ku kuma gyara lokacin gwajin kar ya ci karo da magariba, a rage lasifika saboda maƙwabta, mu hakan ya kawo mana zaman lafiya da mutanen unguwa sosai.

Ki gaya mini wace murya kike yi, kuma ko kuna da mai buga tulu. In babu, akwai wata dattijuwa a zumuntarmu da ke koya wa 'yan mata, zan yi mata magana ranar Lahadi.