Amsa ga 'yar'uwar da aka tsare ƙanenta a komisariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Saƙonki ya taɓa ni ƙwarai, domin gidanmu ma ya san irin wannan tashin hankali, daren da ba mai iya cin tuwo. Kin ce ƙanenki mai shekara 17 yana tsare. Iyayen ɗiyar maƙwabtanku mai shekara 15 ne suka kai ƙara, bayan ta kwana biyu ba ta gida aka same ta a ɗakin abokinsa, ita kuma ta ce da yardarta ta bi shi. Kina tambaya ko akwai laifi tunda ta yarda, da kuma ko ku ba da kuɗin da wani ya nema don ya kashe maganar.

Kada ku ba shi ko dala ɗaya. Zan dawo kansa, amma bari mu fara da yardar, don nan ne ake ruɗar mutane.

Samari a fada sun ji cewa shekara 13 ita ce iyakar shekarun yarda a dokar Nijar, sai suka ɗauka duk wadda ta haura haka shi ke nan. Gaskiya ne, a kundin hukunta laifuka na 1961 da aka yi wa gyara a 2003, yaron da bai kai 13 ba babu zancen yarda a kansa ko kaɗan. Fyaɗe kuwa ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne, idan yarinyar ba ta kai 13 ba ya zama 15 zuwa 30. Amma akwai wani laifin daban da ya shafi duk wanda bai cika 18 ba, wato raba yaro da hannun iyayensa. A takardar 'yan sanda za ki ga an rubuta détournement de mineur. Ba sai an yi ƙarfi ko yaudara ba. Ko ita ce ta ɗauko ƙunshin kayanta da kanta, kwana biyun nan da ta yi ba da sanin iyayenta ba ya isa a tuhume shi. Yardarta na iya kawar da tuhumar fyaɗe idan alƙali ya gamsu da ita, amma ba ta goge wannan. Kuma alƙali zai bi diddigin yardar: an tsorata ta? an ba ta wani abin sha? akwai wanda ya tsare ƙofa? Abokin da ya ba da ɗakinsa ma kada ya saki jiki, ana iya haɗawa da shi a matsayin wanda ya taimaka.

Abin da zai fi taimakon ƙanenki yau shi ne takardar haihuwarsa. Ku nemo ta ta asali, ku yi kwafi uku, ku kai ɗaya komisariya. Shekarunsa na ranar da abin ya faru ake dubawa, ko da ya cika 18 kafin a shiga kotu. Wanda bai kai 18 ba, alƙalin yara ne ke riƙe da shari'arsa bisa dokar 2014 ta kotunan yara, ana sassauta masa hukunci, kuma alƙali na iya damƙa shi ga iyayensa bisa sa ido maimakon gidan kaso. Idan ba takarda, sai a dubi gemun da ya fara tsirowa a rubuta shi babba, gyara wannan kuwa daga baya wahala ce. In ta ɓata, ku je ma'aikatar magajin garin da aka yi masa rajista a fitar da wata, ku haɗa da takardun makaranta da katin asibiti na yarinta. Kada wani ya ce zai rage masa shekara a takarda. Wannan laifi ne na daban, kuma ku manya zai kama.

Tsarewa a komisariya awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, daga nan sai kotu. Ku rubuta rana da ƙarfe nawa aka kama shi. Bayanin da zai yi da Faransanci za a rubuta shi, kada ya sa hannu sai an karanta masa an fassara. Ku je babbar kotun Maradi ku tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don ba marasa hali lauya kyauta. Yaran da ake tuhuma na cikin waɗanda take karewa, haka ma yarinyar.

To, mai neman kuɗin nan. Wallahi irinsu sun fi ƙona min rai fiye da kowa a cikin lamarin. Zai shigo zaure bayan isha'i da babbar riga, ya rage murya, ya ce ya san wani a ciki, jika ɗari biyu kawai gobe yaro ya kwana gida. Uwa ta kai akuyarta da keken ɗinkinta kasuwa. Bayan kwana uku ya dawo ya ce na sama ya ƙi, sai an ƙara. Ya fita daga nan ya shiga gidan yarinyar ya ce musu kuna zaginsu a gari, don wutar kada ta mutu. Ranar da aka wuce da yaro kotu kuwa, wayarsa a kashe. Ba shi da abin sayarwa tun farko, domin ko iyayen yarinyar sun janye ƙara, mai shigar da ƙara ne ke da ikon ci gaba ko tsayawa. Kuma ba jami'i kuɗi cin hanci ne, mai bayarwa ma doka na hawa kansa. Sulhu yana da amfani, alƙali na la'akari da shi, amma a yi shi a fili, da mai unguwa da liman, ba tare da an matsa wa yarinyar ta canza maganarta ba. Kada kowa daga gidanku ya kira ta ko ya aika mata saƙo.

Na san ƙanenki ne a ranki, amma don Allah ki tuna ita ma ɗiya ce, kuma nata lokacin ya fi naku ƙurewa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai a cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa bai wuce kwana 5 ba, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinsa. 'Yan sanda na ba da takardar zuwa wurin likita, amma kada a zauna jiranta, a kai ta cibiyar lafiyar uwa da yaro ko babban asibiti. Idan akwai dattijuwar da gidajen biyu ke jin maganarta, ta isar da wannan yau. Sau da yawa ana tsayawa dukan yarinya da kulle ta a ɗaki har kwanakin su wuce, sai bayan wata biyu a koma neman mai zubar da ciki a ɓoye, abin da ke kashe yara kuma yake kai uwa kaso.

Za ki ji masu cewa a ɗaura musu aure a rufa asiri. Dokar farar hula ta sa 15 ga mace, 18 ga namiji, ƙanenki bai kai ba. Ban da haka, yaron da bai iya ciyar da kansa ba da yarinyar da aka cire daga aji, auren fushi ne, yawanci ba ya daɗewa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 89 cikin ɗari na 'yan matan jihar Maradi an aurar da su kafin 18, mun kuwa ga abin da hakan ke jawowa a ɗakin haihuwa. Akwai dokar Disamba 2017 da ke kare karatun ɗiya mace, a bar ta ta koma makaranta. Abin da ke ba ni haushi, magidanta masu mota da ke tsayawa ƙofar makaranta lokacin tashi su ne aka fi rufa wa asiri, alhali idan mai laifin malami ne ko wani mai iko a kan yarinyar doka ta fi tsananta masa.

Saura wayarsa. Idan tana hannunku, kada ku goge komai, saƙonnin na iya nuna yadda abin ya kasance. Idan akwai hoton yarinyar da bai dace ba, kada wani ya tura wa kowa, ko da sunan nuna hujja ne, domin dokar 2019 ta laifukan intanet tana hukunta yaɗa irin wannan hoto na yara, har da ajiye shi. A kashe wayar a miƙa wa lauya. Ki faɗa mana ranar da aka kama shi da abin da aka rubuta a matsayin tuhuma, don mu san ko awa 48 ɗin ta cika.