Amsa ga mai son shiga tseren keke daga Jos

'Yar'uwa, kin tambayi yadda mace za ta fara atisayen tseren keke a Jos, da kuma ko akwai makoma a harkar. Garin da kike ciki ya riga ya ba ki rabin abin da kike nema, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma hawa da gangaren hanyoyin Bukuru da Vom suna gina ƙarfin ƙafa da na numfashi fiye da shimfiɗaɗɗen titi.

Ki bar yawancin fitarki ta zama tafiya mai nisa a natse, wadda za ki iya magana a cikinta ba tare da haki ba, sannan ki ware kwana biyu kawai a mako domin gudu mai tsanani a kan hawa, da kwana ɗaya na cikakken hutu. Abin da mata suka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne ƙarancin jini, wanda al'ada da atisaye mai nauyi ke haɗuwa su jawo, saboda haka kada hanta da wake da zogale su yanke miki, kuma idan gajiya ta ƙi tafiya ki je a auna jininki. Hular kwano wajibi ce, kuma ki ɗaure duk suturar da sarƙa ko taya za ta iya kamawa.

Makoma kuwa tana nan. 'Yar tseren keke Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, kuma akwai filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja. Ki fara da yin rajista a hukumar wasanni ta jihar Filato.