Pilates: ajin jama'a ko malami kai kaɗai? Amsoshin likita

Wasiƙu sun taru a kan Pilates, wato salon motsa jikin nan da Bajamushe Joseph Pilates ya tsara, ya yi ta koyar da shi a birnin New York tun daga shekarun 1920 har rasuwarsa a 1967. Ana yin sa a kan shimfiɗa a ƙasa, ko a kan na'ura mai suna Reformer, wadda gado ne siriri mai zamewa gaba da baya, sifirin na riƙe da shi. Manufarsa ƙarfafa tsokokin ciki, baya da ƙugu, tare da daidaita numfashi.

Tambaya: Likita, shekarata 41, a zaune nake wuni a ofis. Ciwon baya ta wajen ƙugu ya fi shekara yana damuna. Ajin mutane da yawa ya fi araha, amma ƙawata ta ce lallai sai na ɗauki mai koyarwa ni kaɗai. Wanne zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar aji, akwai alamomin da idan kina da ɗaya daga cikinsu, asibiti za ki nufa a yau: ƙafa ta riƙa mutuwa ko ta yi rauni, dindiris a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya riƙa ƙwace miki, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da ramar da ba ki san dalilinta ba.

Idan an duba ki ba a ga ko ɗaya ba, Pilates na iya taimaka miki. Nazarin da Cochrane, cibiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta fitar a 2015 ya nuna cewa ya fi zama ba a yin komai amfani wajen rage ciwon baya, sai dai ba a samu hujjar cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Saboda haka kada kowa ya tsorata ki da cewa shi kaɗai ne mafita.

Ƙawarki tana da rabin gaskiya. A aji mai cike da mutane, malama za ta ce kowa ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafafu biyu. Ke kuma tsokar cikinki ba ta yi ƙarfin riƙe su ba, sai bayanki ya lanƙwashe ya bar shimfiɗa, wuyanki ya sage, ki riƙe numfashi ba ki sani ba. Malama tana can gaba, idonta ba zai kai kanki ba. Ki tashi kina murna kin yi atisaye, washegari ki kasa sunkuyawa. Da ke kaɗai ce a gabanta, nan take za ta ce ki tanƙwara gwiwa, ki sauke ƙafa ɗaya, ta sa hannu a ƙarƙashin bayanki ta nuna miki inda ya ɗaga.

Shawarata: ki fara da darussa kaɗan ke kaɗai, zai fi kyau a wajen likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, da ya san Pilates. Da zarar kin gane motsin da ke tayar miki da ciwon, kin kuma iya sassauta shi da kanki, ki koma ƙaramin aji. Ba sai kin dawwama kina biyan kuɗin darasin mutum ɗaya ba.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, ban taɓa yin Pilates ba. Zan iya shiga ajin da ƙanwata take zuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ajin gama-gari bai dace da ke ba. Yawancin motsinsa a kwance rigingine ake yi, kuma bayan mako 16 nauyin mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri ya ɗebe ki. Ga kuma motsin naɗe ciki, wanda ke takura tsokokin gaban ciki alhali sun riga sun fara buɗewa. Ki nemi izinin masu yi miki awo, sannan ki shiga aji na masu juna biyu zalla, ko ki ɗauki malamar da ta karanci wannan fanni. Kin ga jini, ruwa ya zubo, ko mara ta ɗaure? Ki tsaya, ki tafi asibiti.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 68, an ce ƙashinta ya zaizaye. Ina so na sa ta a aji don ta samu abokan hira.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri, kaɗaici ma ciwo ne ga dattijai. Amma a nan ba zan sassauta ba: Mama ta fara ita kaɗai. Ƙashin bayan da ya zaizaye yana iya tsagewa idan aka lanƙwasa shi gaba da ƙarfi ko aka murɗa shi, kuma Pilates na shimfiɗa cike yake da irin wannan, kamar tashi zaune daga kwance a hankali, ko dunƙulewa ana mirginawa a kan baya. Abin da take buƙata shi ne miƙe baya, ƙarfin cinya da daidaita tsayuwa don kada ta faɗi.

Ka kuma binciki mai koyarwar. A shekarar 2000 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke cewa sunan Pilates ba mallakin kowa ba ne, don haka sunan kaɗai ba ya nuna ƙwarewa. Ka tambayi inda ta yi karatu da tsawon lokacinsa, da ko ta taɓa aiki da masu irin lalurar Mama. Wadda ta fara darasi ba ta tambayi tarihin lafiyar Mama ba, ku bar wajenta. Bayan Mama ta saba, a nemi ƙaramin rukuni na tsaranta.

Tambaya: Lafiyata ƙalau, shekarata 29, tumbi nake son ragewa.

Amsa: Ɗan'uwa, ajin jama'a na masu farawa ya ishe ka, ganin wasu ma zai hana ka fashi. Idan na Reformer ne, ka yi darasi ɗaya kai kaɗai tukuna don ka koyi saita sifirin. Amma ka sani motsa tsokar ciki ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai. Ka gyara cin abinci, ka haɗa da tafiya da sauri ko tuƙa keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Pilates ɗinka ya shiga lissafin kwana biyun nan.