Monita ta iso daga Legas da tabon launi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi monita mai ƙeya, inci 17, ta gwanjo, a kasuwar Alaba ta Legas. A gabana aka gwada ta lafiya lau, aka sa a kwali aka ɗoro a babbar mota. Da ta iso na kunna, sai ga tabo kore da shuɗi a kusurwar dama ta sama, hoton ya ɗan karkace, jan launi kuma yana ɗaukewa, in na bubbuga gefe ya dawo. Tana gyaruwa? Daga mai karatu a Jega, jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, cuta uku ka lissafa. Biyu masu sauƙin magani ne, amma tabon nan shi zai nuna ko monitar ta cancanci a kashe mata ko sisi, don haka da shi za ka fara.

A cikin kwalbar monitar, wato babban gilashin da ke nuna hoto, dab da gilashin gaba, akwai wani siririn farantin ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar rariya. Shi ke sa harbin bindigogin launi uku, ja da kore da shuɗi, ya faɗa kowanne a gurbinsa. In ya ɗauki maganaɗisu, launi ya gauraye. Nisanta lasifika, fanka da sitabilaiza daga wurin, sannan ka danna Degauss, wato share maganaɗisu, a menu; za ka ji "gum", hoton ya yi rawa ya tsaya. Kada ka yi ta maimaitawa nan take, domin abin da ke ba wayar share maganaɗisun wuta sai ya huce. Ba shi minti 20. Sai ka juya fuskar monitar daga gabas zuwa arewa. Tabon ya sauya wuri ko launi? Maganaɗisu ne, kuma mai gyaran talabijin zai share shi da zoben wayar da ake zagaya fuskar da shi ana ja da baya a hankali. In kuwa ya kafe wuri guda, musamman in ya fito da zobba kamar bakan gizo, to faɗuwa ko jijjigar hanya ta lanƙwasa rariyar. Tana cikin kwalba a rufe, hannu ba ya kai mata. Nan sai haƙuri.

Jan da ke ɗaukewa, duba kan wayar VGA, wadda ke haɗa monita da kwamfuta, tukuna. Cikin ƙafafunta 15, ta 1 ja ce, ta 2 kore, ta 3 shuɗi, kuma sukan lanƙwashe. In lafiya suke, to dalma ce ta tsage a ƙaramin fanel da ke maƙale a ƙarshen wuyan kwalba. Mai gyara ya sake narka ta a ƙafafun soket da na tiransistan ja. Tunda an buɗe, a haska fitila kewaye da fulaibak, wato taransifomar da ke ba kwalba babbar wuta, nauyinsa kan tsaga babban fanel idan mota ta faɗa rami.

Karkacewa kuwa, gwada Rotation a menu. In bai isa ba, yok ne ya goce, wato naɗin wayar tagulla da ke wuya. A sassauta sukurun ɗamararsa, a murɗa shi kaɗan, a ɗaure ba da ƙarfi ba. Zobban maganaɗisu da ke bayansa kada a taɓa su sai an ja musu layi da alƙalami, saita su daga farko aikin yini ne.

Buɗewar dai ba taka ba ce. Ƙarƙashin robar nan mai kama da ƙoƙo da ke manne a jikin kwalba akwai wuta ta kusan bolt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe caji ko an cire filogi. Mai gyara ya sauke cajin kafin ya sa hannu. In kuma ka ji tsatsa-tsatsa, ko ka hangi haske shunayya a wuyan, kashe ta: wuya ya tsage, iska ta shiga.

In za a sake ɗauko wata, a cire gindin, a kifa ta kan soso mai kauri, a cike kwalin tam, kada a ɗora kaya a kan ƙeyar.