In sayi fili a hanyar jirgin Kano zuwa Maraɗi don in samu diyya?

Wani bawan Allah mai sayar da hatsi ya turo tambaya, wai dillali ya ce masa ya sayi fili a inda layin dogo zai bi, gwamnati za ta biya shi ninki biyu.

Alhaji don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Irin wannan babban aikin ba a tashi da safe a ja layi kawai, sai injiniyoyi sun yi awo, sai hukumar BPP mai tantance kwangilolin gwamnatin tarayya ta duba kwangilar, sannan majalisar zartarwa ta tarayya ta amince. Na wannan jirgin an amince tun Satumba 2020 kan kusan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil, Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2021, zai bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya ya shiga Nijar. Akwai kuma binciken illar aiki ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta, ana ajiye rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su karanta su yi ƙorafi, kuma abin na damuna yadda mutanenmu ba sa zuwa dubawa alhali a ciki ake ganin ainihin inda aikin zai ratsa.

Toh ga inda dillalinka bai faɗa maka ba. A dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, yana da ikon soke mallakarka saboda amfanin jama'a, kuma abin da dokar ta ce a biya shi ne gini, bishiyoyi da amfanin gona, ba farashin da ka sayi fili a kasuwa ba. Sannan masu ƙidaya suna zuwa su rubuta sunan mai wuri, su ƙirga mangwaro da ɗorawa, su shafa jan fenti a bango, wanda ya zo bayan nan ya ɗora bulo yawanci babu ko sisi. Aikin da aka fara tun 2021, kai a ganinka ba a riga an ƙirga ba?

In dai kana son wurin, nemi kusa da tasha inda za ka gina sito ko shaguna, ka ɗauki safiyo, wato mai awon fili, ku je ma'aikatar ƙasa a ɗora filin kan taswira, ka ji ta bakin dagaci. Kuma kar ka taɓa jarin hatsinka, sai kuɗin da zai iya kwanciya shekaru bai hana ka saro masara ba.