Ga malamar da ta yi tambaya kan darasin Martin Luther King

Assalamu alaikum 'yan gida. Malama ƙanwata, ke da kika rubuto cewa an ba ki tarihin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ki koyar a aji biyar, kin karanta musu da Turanci sun yi miki zuru, kina so ki haɗa da Hausa amma kina tsoron abin da zai biyo baya: wallahi ina karantawa na ji kamar da hannuna aka rubuta. Ki yi haƙuri, zan yi tsawo.

Ki haɗa da Hausar, babu wata hanya. Amma kafin ki buɗe baki a aji, ki rubuta a tsarin darasinki cewa za ki yi amfani da harshe biyu, ki kai ofis a sa hannu. Kada ki yarda da "ba komai Malama, je ki yi" na fatar baki.

Ni a wata makarantar kuɗi na yi nawa, nan cikin garin Sakkwato, irin wadda ake cin tarar yaro in ya yi Hausa. Ina cikin ba yara labarin Rosa Parks, yadda a 1955 a garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka direban bas ya ce ta tashi ta ba farar fata kujera ta ƙi, aka kama ta. Da Hausa nake yi, ajin tsit, har 'yan bencin baya da ba su taɓa saurarona ba sun miƙo wuya. Ashe mai makarantar yana tsaye a taga. Ya shigo ko sallama babu, ya ce iyaye Turanci suke biya, in Hausa suke so akwai ta kyauta a gida. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya kira monita, ya ce ya kawo littafin tara, ya sa yaron ya rubuta sunana a ƙasan sunayen yaran da suka yi Hausa ranar. Yaron nan hannunsa na rawa, yana kallona yana kallonsa. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, ban ga laifinsu ba, yara ne. Ni da nake da ɗiya sa'ar wasunsu, na tsaya da alli a hannu na rasa inda zan sa idona. Ƙarshen wata kuma sai na ga da gaske an zabge min kuɗin a albashi, albashin da dama kuɗin kabu-kabu daga Mabera ke cinye kusan rabinsa. Ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba. Mutumin nan da muka haɗu washegari gaishe ni ya yi da fara'a kamar babu abin da ya faru, kuma a ofis da Hausa yake waya, da Hausa yake faɗa da direbansa.

Bayan 'yan kwanaki wani uba ya zo da zafi, wai ina koya wa ɗansa tarihin fasto. Labarin yana cikin littafin Turancin da shi mai makarantar ya sayo ya sayar wa iyaye da riba, amma ya zauna yana gyaɗa kai, ya bar ni ina ba da haƙuri ni kaɗai. Na bar shi da Allah. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

To wannan na uban ma ki shirya masa, don zai zo. Kada ki ɓoye, eh malamin coci ne, na ɗariƙar Baptist. Amma darasin ba na addininsa ba ne, na zaluncin da aka yi wa baƙar fata ne da yadda suka ƙi shi ba tare da ɗaukar makami ba. Ni abin da na riƙa faɗa wa iyaye daga baya shi ne, addininmu ne ya ce Balarabe ba shi da fifiko a kan wanda ba Balarabe ba sai da tsoron Allah, kuma ba wanda ya taɓa yi min musu.

A makarantar da na koma, ga abin da ya yi min aiki. Ranar farko ban taɓa littafi ba. Na jera benci uku na ce mota ce, yaro ɗaya direba. Na raba marafan kwalba, ja da kore, na ce masu ja su zauna gaba, masu kore baya, in gaba ta cika mai kore ya tashi ko da ya biya kuɗinsa. Don Allah Malama, kada ki raba su da launin fatarsu, farare nan baƙaƙe can. Kin san garin nan, kin san tsokanar "baƙi" da gorin asali, yaro zai tafi da ita gida kuma ba za ta ƙare da darasin ba. Ki yi da marafi, sannan ki juya, waɗanda suka zauna gaba su ma su ɗanɗana baya. Ana tayar da wata yarinya sai ta ce, "Malama, mi munka yi? Wanga zalunci na!" Ban gyara mata Hausa ba, ke ma kada ki gyara. Ki bar su su yi Sakkwatancinsu, a nan zafin yake fitowa.

Sai a lokacin na kawo Turancin, kuma kaɗan. Na raba allo biyu, na rubuta abin da suka faɗa da bakinsu a hagu, muka nemo Turancinsa tare a dama. Kalma shida zuwa takwas sun isa rana guda. Sai mu sake wasan motar, direba ya ba da umarni da Turanci, fasinja ya ƙi da Turanci, jimla ɗaya kowa. Yaron da ya riga ya ji haushi da Hausa ba ya manta jimlarsa.

Lissafi ma ya shiga. Bayan kama Rosa Parks, baƙar fatan Montgomery kwana 381 suka yi ba sa hawa bas, da yawansu da ƙafa suke zuwa aiki, sai da kotun ƙoli ta ce wariyar cikin bas ta saɓa wa tsarin mulki a 1956. King yana ɗan shekara 26 aka ba shi jagorancin. Na ce su lissafa wata nawa ne kwana 381, sannan su ƙiyasta mutum ya taka daga Arkilla zuwa babbar kasuwa ya dawo kullum, a zafinmu na watan Afrilu. Nan ne suka gane ba wasa ba ne.

Jawabinsa na Washington, na 28 ga Agusta 1963, wanda mutane wajen 250,000 suka halarta, kada ki sa su haddace shi. Na ga ana yi a bikin ƙarshen shekara, yaro ya zuba kamar rediyo, iyaye su tafa, ka tambaye shi me ya ce ya yi shiru. Ki gaya musu da Hausa cewa ya yi fatan a riƙa auna 'ya'yansa huɗu da halinsu ba da launin fatarsu ba. Sai kowa ya rubuta nasa burin ga unguwarsu, layi biyu da Hausa, ɗaya da Turanci. Za ki sha mamaki: ruwan famfo, wuta, a daina dukan almajirai, babansu ya iya zuwa gona lafiya. Na ƙarshen nan sai da na juya baya na share ido.

Kuma ki gaya musu ya zo ƙasar nan. A watan Nuwamba 1960 ya zo Legas wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Suna jin haka sai ya zame musu mutum, ba hoton littafi ba.

Abin da ke ba ni haushi, 'yan gida ku gafarce ni, yaranmu za su san Alabama ba su san Malam Aminu Kano ya koyar a Maru ba, lokacin tana lardin Sakkwato, kafin ya ajiye alli ya rungumi jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950. Ba su san Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin mata ba, ba su san matan Arewa sai a 1976 suka samu damar jefa ƙuri'a ba. Ni nakan ba su aikin gida su tambayi kakanninsu wane ne Malam, su dawo su ba da labari da Hausa, mu fitar da jimla uku da Turanci. Wata kaka har waƙar NEPU ta aiko da ita. Masu cewa haɗa harshe ɓata karatu ne kuwa, su je Hubbare su yi tunani. Nana Asma'u da Larabci da Fulfulde da Hausa ta yi rubutu, kuma da waƙoƙin da mata ke fahimta jajojinta, wato malamai matan da ta horar, suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu. Wa ya ci tararta?

Za su tambaye ki yadda ya ƙare. Ki faɗa musu gaskiya a taƙaice: an ba shi kyautar Nobel a 1964, an yi dokokin hana wariya a 1964 da 1965, an harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968 yana da shekara 39. Kada ki nuna hotunan karnukan 'yan sanda da aka saka wa yara masu zanga-zanga a Birmingham ta Alabama, a ajinmu akwai waɗanda suka gudo daga ƙauye, sun ga abin da ya ishe su.

Kwali kuma kada ki saya da kuɗinki, ki roƙi katan a shagon unguwa ki yanka. Ba ki faɗa ba ko makarantarki ta gwamnati ce ko ta kuɗi, da yawan yaran, don in sun haura saba'in wasan motar sai a waje ƙarƙashin dogonyaro, da safe kafin rana ta yi. Ki sanar da ni.